Haladu Milimita da Tuwon Gayya

Haladu ba ya gaida mai gida sai ya fara gaida rufin ɗaki. Duk wanda ya san shi a Ikara ya san wannan. Zai yi sallama a amsa, ya tuɓe takalmi ya shigo, kai ka miƙa masa hannu, shi kuwa ƙeya ta riga ta koma baya, ido na sama, baki a buɗe kamar mai duban watan Sallah. Hannunka na nan a miƙe har ya gaji. Sai ya gama bin katakan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ja tsaki, sannan ya sauko da kai ya ce, "Ina kwana. Wa ya yi muku wannan ta'asar?"

In ɗakin da silin ne ma ba ka tsira ba. Cewa zai yi an lulluɓe laifi.

Mun taɓa zuwa ta'aziyya Kurmin Kogi ni da shi. Aka yi addu'a aka shafa, zaure ya yi tsit, sai na ji muryarsa: "Allah ya jiƙan rai, ya ba da haƙuri. Amma don Allah ku matsa daga ƙarƙashin wancan katakon, kada jibi mu sake dawowa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutanen dai sun matsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sale mai katako na bakin kasuwa. Uwata da uban Haladu ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne. Shi yana kirana bawa, ni ina kiransa duk abin da ya zo bakina. Shekara hamsin da ɗoriya muna zagin juna, kuma don ya mutu ba zan fasa ba. Amma ni kaɗai ke da wannan iznin! Ranar sadakar uku muna zaune kan tabarma, wani da ba zan kira sunansa ba ya cika baki da wainar sadaka ya ce, "Allah ya jiƙan Milimita. Ya tafi bai bar komai ba sai wasan kwamfuta." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba don Liman ya dafa gwiwata ba, da ranar an ga abin kunya a gidan makoki. Na haɗiye maganar, amma ta ƙi wucewa, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Abin da ya sa ta yi mini zafi, ita ce ainihin maganar da Haladu ya rayu yana tsoro. Shekara talatin da wani abu suna tare da matarsa Asabe, Allah bai ba su haihuwa ba. Dukiya kuwa, kafinta ne mai rufin ɗaki, hannu baka hannu ƙwarya. Wata rana mun taso daga karatu wajen malaminmu a Kudan, inda aka yi bayanin abubuwa uku da ke bin mutum bayan ransa: ɗa nagari mai yi masa addu'a, da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi. Ina goye da shi a babur a kan hanyar gida. Can ya matso kunnena ya ce, "Ɗa, babu. Rijiya, ba ni da halin haƙa wa kowa. Saura ɗaya, bawa."

Na ce, "Wane ilimi gare ka ban da na zagin rufin mutane?"

Ya ce, "Tuƙa babur ɗinka."

Bari in koma farko, don ku ji yadda kwamfuta ta shigo rayuwar mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa da guduma ya sake amfani da ita. Wani injiniya ne ya zo duba rufin wasu ajujuwa da zane a takarda, ya kira shi "baba mai guduma" a gaban leburori. Haladu fa! Mutumin da ya yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a, wanda Turancinsa ya isa ya karanta takardar magani. Sai ya tattara kayan aikinsa. Ya koma gida ya sayar da ragon da yake kiwo, ya sayi kwamfutar gwanjo wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya, sai an jona ta da wuta take numfashi. Jaka kuwa ya ƙi saya, a buhun taki yake saka ta, wai ɓarawo ba ya zargin buhu. Na ce yadda taki ya yi tsadar nan, ai shi ɓarawon zai fara ɗauka. Ya ce shi ya sa ya juya buhun ciki waje.

Ni na raka shi Zariya wajen wani mai shagon kwamfuta, don a saka masa manhajar zanen gini. Mai shagon ya ce akwai wadda manyan injiniyoyi ke amfani da ita, tsadarta ta fi ƙarfin talaka, amma shi yana da wadda aka fasa wa kwaɗo, yanzu zai zuba masa.

Haladu ya ce, "Wato ta sata."

"A'a Baba, ba sata ba ce. Kowa haka yake yi."

"Kowa ma ai mutuwa zai yi, kana ɗokin taka? Ni in auna rufin masallaci da kayan sata? In ya faɗo kan liman in ce wa Allah me?"

Mai shago ya ga ya gamu da gamonsa. Don ya rabu da mu sai ya ce to akwai wata, ita ba a biya, kuma ba sata ba ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu suna ƙera ta, kowa ya kawo abin da ya iya. Cikinta a buɗe yake, duk mai so ya leƙa, ya gyara, ya mayar, kowa ya amfana. Har da ɓangare na musamman na masu gini da katako.

Haladu ya buga cinya har mai shago ya zabura. "Ka ce gayya ce!"

Ni kuwa na ce, "Araha ma ba ta ado, bare banza. Mu tafi."

Ya juyo ya harare ni. "Ba banza ba ce, bawa. Banza ita ce wadda ba ta da mai ita. Wannan kowa ne mai ita. Yadda muke taruwa mu nome gonar mutum, gobe a taru a nome taka, haka suke yi. Kuma ka sani, wanda ya ci tuwon gayya bai ɗaga fartanya ba, ɓarawo ne mai sallama."

Daga ranar na shiga uku. Wutar sola ta shagona ita ce abincin kwamfutar nan, benci na kuma ya zama ofis. Ya yi wata da watanni yana fama da ita, yana zagin ta tana ƙyale shi, har ta fara jin magana. Ni ma dai, duk ƙin da nake yi, na leƙa na ga abin mamaki. Ka ba ta tsawon ɗaki da faɗinsa, sai ga katakan rufi sun miƙe tsaye a allo, ka juya su ta ko'ina, ta gaya maka inda za ka yanka kowanne da yawan da za ka saya. In wani wuri ba zai ɗauki nauyi ba, sai ya koma ja. Tun lokacin ya daina cewa inci, sai milimita. Ko shayi aka zuba masa sai ya ce saura milimita goma kofi ya cika. A nan sunan ya samo asali.

To ga inda ya ci mutuncina. Ya zana rufin wani ɗaki na ƙauyen Furana, kwamfuta ta ce lafiya lau, ya buga, bayan 'yan makonni tsakiya ya ɗan lotsa. Mai ɗakin ma bai lura ba. Haladu kuwa kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Rana ta huɗu, ranar kasuwa, shago cike da mutane, sai ga shi da tef a hannu. Ya zaro katako ɗaya daga cikin kayana ya ɗaga sama.

"Bawa, wannan mene ne?"

"Tu-bai-fo mana. Yau ka fara gani?"

"Biyun tana ina?"

"Wace biyu?"

"Inci biyun! Ɗaya da rabi ce da ƙyar. Huɗun kuwa uku ce da 'yan kai. Ita kwamfuta baiwar Allah an ce mata tu-bai-fo, ta ɗauka mutanen kirki take hulɗa da su!"

Na ce, "Haba Haladu, ni na yanka? Haka ake kawo shi daga kudu, kowane shago haka yake!"

"To ai ban ce kai kaɗai ne ba. Kai ne dai na kusa."

Nan take ya buɗe kwamfutar a kan bencina, da wutata, ya ƙara sabon awo a jerin katakai, ya raɗa masa suna tu-bai-Sale. Jama'a, kafin wata ya mutu sunan ya zagaye ƙananan hukumomi uku. Kafintoci su zo daga Makarfi su ce, "Na gaske muke so, ba tu-bai-Sale ba." Bara wani baƙo ya zo sayayya, bai san ko ni wane ne ba, yana juya katako yana cewa, "Wai shin wane ne wannan Salen? Allah ya isa tsakaninmu da shi." Na ce amin, na ɗaure masa kayansa. Amma ku tambayi duk mai rufi, tun daga lokacin ina ware mai cikakken kauri daban, in gaya wa mutum gaskiyar abin da yake saya. Ba don Haladu ba ne, ni na ga dama.

Bai gama da ni ba ya koma kan masu gayyar. Akwai wani gurbi a manhajar da ke tambayar nauyin dusar ƙanƙara da za ta taru a kan rufi. Ranar da ya gane ma'anar wurin, sai da ya miƙe tsaye.

"Dusar ƙanƙara! A Ikara! Ina gurbin duwatsun da ake dannewa kwano da su? Ina na tsohuwar taya? Ina na kauɗar tumatir da barkono, da matar da za ta hau ta shanya su, da akuyar da za ta bi ta? Ina iskar farkon damina da ke shiga ta ƙasa ta ɗauke rufi kamar hula? Gara fa, sun taɓa jin labarinta?"

Na ce, "To kai da aka ba kyauta, har da ƙorafi?"

Ya ce ba ƙorafi ba ne, gyara kayanka ne. Ya sa aka kira 'yata Rabi, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantar sakandare, ta taya shi rubuta musu wasiƙa a dandalin da suke tattaunawa ta intanet. Ya ce ta fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ta rubuta. Ina gajiya. Ta rubuta. Ina iyali, ina yara, ina fama da sanyi tunda ga dukkan alamu abin ya dame su.

Rabi ta ce, "Baba Haladu, su fa ba a yi musu haka. Kai tsaye ake faɗin magana."

"Rubuta, 'yar nan. In su ba su da tarbiyya, ni ina da ita."

Gaisuwa ta ci rabin shafi, magana ta ci rabi. Bayan kwana biyu amsa ta zo, layi ɗaya tak. Rabi ta fassara masa: "Shawara mai kyau. Ka gyara ka aiko."

Ya ce, "Shi ke nan? Ko lafiya lau babu? Waɗannan mutane ba su da iyaye ne?" Ya yini yana huci. Da la'asar sai na ga ya yi tagumi, can ya ce, "Bawa, ka san me? A bakin gona ma ai ba a tsayawa doguwar gaisuwa ranar gayya. Fartanya suka miƙo mini."

Wannan fartanya ita ya riƙe har ya koma ga Allah. Ya ɗaura niyyar mayar da manhajar nan Hausa gaba ɗaya, kalma bayan kalma, ya kuma saka mata awon katakanmu na gaskiya da irin nauyin da rufinmu ke ɗauka, don kafintan da bai yi boko ba ya buɗe ya gane. Ita ce ɗayar da ya ce ta rage masa. Ya bi tsofaffin masu ɗaurin tsaiko da masu jera azara ƙauye-ƙauye, yana tambayar sunan kowane sanda da kowane ɗauri, don ya ƙi yarda a cusa Turanci inda Hausa ke da kalmarta. Ya aika, aka dawo da shi, wai wata 'yar alama ta ɓace a layi kaza. Ya gyara ya aika, aka dawo da shi, wai haruffanmu masu ƙugiya sun rikiɗe sun zama akwatuna. Ban san sau nawa aka yi haka ba. Duk dawowa sai ya zage su tas da Hausa, ya sa Rabi ta rubuta musu godiya da Turanci.

Yanzu ga wadda na daɗe ina riƙewa a ciki, kuma ita na fi so masu dariyar nan su ji. Wani Alhaji mai sana'ar mazarƙwaila a Makarfi, ya san kansa, ya kira Haladu ya yi masa babbar rumfa, mai faɗi, babu ginshiƙi a tsakiya don mota ta riƙa shiga. Haladu ya zana ya kai masa. Alhaji ya duba allo ya ce, "Waɗannan na karkacen fa? Ado ne?"

"Matokarai ne, Alhaji. Su ke hana rufi ya buɗe."

"Cire su. Ɓarnar katako ce."

Haladu ya cire su a kwamfuta, rabin zanen ya koma ja. "Ka gani?"

"Ni da rumfata, akwati ne zai gaya mini abin da zan yi?"

"Ai shi ya sa nake son akwatin, ranka ya daɗe. Ba ya cin abinci a gidanka."

Ya naɗe buhunsa ya bar aikin. Aka kira wani kafinta ya buga yadda Alhaji ke so. Haladu kuwa, da bakinsa da ba ya riƙe ruwa, ya faɗa a majalisa cewa rumfar nan ba za ta ga ƙarshen damina ba. Damina ta zo ta wuce, rumfa na tsaye. Ta biyu ta zo da iskar da ta kwashe rufin shaguna, rumfa ko gezau. Aka samu abin yi. Hadari na haɗowa sai ka ji daga can ƙetaren titi, "Milimita! Ya yi ja ko bai yi ba?" Shi kuwa sai ya ce, "Rashin kunya ke riƙe da ita," ya wuce.

To ku saurara. Mako guda bayan an gama rumfar, Alhaji ya bi kaya kudu. Haladu ya zo shagona ya zaɓi katakai masu cikakken kauri, ya biya daga aljihunsa, mutumin da sabuwar ƙusa ma sai ya yi shawara da zuciyarsa. Ya ɗauki hayar a-kori-kura, ya ce wa mai gadi ya zo ƙarasa aiki, ya hau ya buga matokaran nan duka, ya shafe su da baƙin mai. Ni na riƙe masa tsani. Da muka sauko na ce, "Kai wane irin mutum ne? An kore ka, ka dawo ka yi aiki da kuɗinka?"

Ya ce, "Ba ka ga matan da ke ƙulla mazarƙwaila a ƙarƙashi ba? Wasu da goyo."

"To ka faɗa wa mutane mana, a san kwamfutarka ba ta yi ƙarya ba!"

"In na faɗa, Alhaji zai sa a ɓanɓare don ya nuna shi ke da rumfa. Ka rantse ba za ka faɗa ba sai bayan raina."

Na rantse. Shekaru na zauna ina jin ana yi masa ihu a titi, bakina a ɗinke. To ga shi ya mutu, rantsuwa ta sauka. Alhaji, yau in ka shiga rumfarka, ka yi abin da ba ka taɓa yi ba, ka ɗaga kai ka duba sama. Kai kuma mai wainar sadaka, ƙanwarka na cikin matan da ke aiki a wurin, in ka manta.

Aikawa ta ƙarshe da ya yi wa masu gayya, ciwon ya riga ya kama shi. Hannu na rawa, Rabi ce ta danna masa. Daga nan sai asibiti. Kullum na je, kafin in zauna zai ce, "An amsa?" In ce tukuna. Mako ɗaya, biyu, uku, shiru. Ranar da zan gan shi ta ƙarshe, bayan azahar, Asabe na yi masa fifita, ya kama hannuna ya ce, "Ba a karɓa ba ko?"

Na ce, "Suna dubawa. Ka san halinsu."

Ya girgiza kai. "Ukun duk babu ke nan, Sale."

Da sunana Sale ya kira ni, ba bawa ba. Na nemi zagin da zan mayar masa na rasa. Washegari da hantsi ya cika.

Sai ga abin da ya ƙarasa fasa mini zuciya. Aka raba 'yan komatsansa, kwamfuta ta faɗa rabon ƙaninsa Garba. Ko arba'in ba a yi ba, Garba ya kai ta wurin mai gyaran waya aka wanke ta tas, aka cika ta da finafinai don yara su riƙa kallo. Ina jin labari na bar shago a buɗe na tafi da gudu, ni da gwiwar da ba ta son gudu. Na tarar aikin gama ya gama.

Na ce, "Garba, ka san abin da ka goge? Shekarun ɗan'uwanka ka goge!"

Ya ce, "Haba Yaya Sale, zane-zanen katako ne fa. Wa zai ci?"

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Allah ya taimake ni na sauke shi ban taɓa shi ba. Na koma gida na zauna a zaure na kasa cin abinci. Masu gayya sun yi shiru, kwamfuta an wanke, mutumin ya tafi da baƙin cikinsa. Har na fara cewa a raina ko mai wainar nan gaskiya ya faɗa.

Da na gaya wa Rabi, sai ta ce, "Baba, gobe ka biyo ta makarantarmu bayan an tashi." Na je. Ta zaunar da ni gaban wata kwamfutar makaranta da Haladu bai taɓa ko gani ba. Ta sauko da manhajar sabuwa daga intanet, ta buɗe wurin zaɓen harshe. Sunayen harsuna suka jero, wasu ko rubutunsu ban taɓa gani ba. Ta sa yatsa a kan ɗaya. Ko ni da bokona bai wuce rasit ba na karanta: Hausa.

Ta danna. Allon nan gaba ɗaya ya juye. Tsawo. Faɗi. Tsaiko. Matokari. Nauyin abin da ke kan rufi.

Na ce, "Ba an wanke ba?"

Ta ce, "Tasa kwamfutar aka wanke, Baba. Abin da aka kai gayya ba a rumbun mutum ɗaya yake zama ba. Yanzu yana wurin duk wanda ya sauke ta, ko a Maraɗi yake ko a Sakkwato. Garba ko ya wanke kwamfuta dubu bai isa ya taɓa shi ba." Ta duba ranar da aka shigar da aikin. Kwana huɗu bayan mun binne shi. Kwana huɗu, jama'a! Mutanen nan da sun ɗan yi sauri, da ya ji da kunnensa. Na fara zaginsu.

Don in ɓoye fuskata na ce ta zana mini ɗaki in gani, ta sa katako sirara, ta nisanta su. Ta yi. Rufin ya koma ja, wani ɗan rubutu ya fito a tsakiyar allo. Rabi ta ce a Turancin asali cewa kawai aka yi nauyi ya wuce iyaka. Ta fara karanta na Hausar, ta tsaya, ta rufe baki da mayafi. Na sa tabarau na karanta da kaina, a hankali:

"Haba malam. Mutane ne fa za su kwana a nan. Ji tsoron Allah ka ƙara katako."

Wallahi da muryarsa na ji shi, har da tsakin da ke biyo baya. Ni da shekaruna, a gaban 'yar cikina, a cikin ajin yara, na ce wa allo, "To na ji, ɗan banza, na ji," hawaye na bin gemuna.

Ya Allah, bawanka Haladu ya tafi yana zaton ba a karɓa ba. Ka sanar da shi inda yake kwance. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun karɓi aikinsa, Kai da ka san shi ciki da waje, ka karɓa. Duk ɗakin da aka ƙara wa katako saboda maganarsa, ka kai masa ladan har kabari. Ka yafe masa kaifin bakinsa, ni dai na yafe nawa. Ka ba Asabe haƙuri. Ya rufa wa bayinka ɗakuna, ya Allah ka rufa masa asiri. Amin.